Kowa da Tambayarsa: Mustang mai kwalliya ko Mustang mai inji?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan mota ɗaya, Ford Mustang ta shekarun 2015 zuwa 2023, wadda ake shigo da ita ta hannu daga Amurka. Kanikawa da masu duba mota da ke amsa tambayoyin wannan fili sun zaɓi guda shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini Mustang biyu a fili ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko EcoBoost Premium ce ta 2019, kujerar fata mai sanyi, babban allo, komai da komai. Ta biyu GT ce ta 2018, amma ƙaramin aji, kujerar yadi da ɗan allo kamar na tsohuwar waya. Dukansu otomatik ne. Ina da motar zuwa aiki, wannan ta marmari ce. Wacce zan ɗauka? Daga mai karatu a Gwarinpa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda kana da motar zuwa aiki, GT za ka ɗauka, muddin lafiyarta ta tabbata a hannun mai dubawa.

Abin da ke rikita mutane shi ne sunayen suna magana ne a kan abu biyu daban. EcoBoost da GT sunan inji ne. Premium kuwa sunan kayan cikin mota ne, ba ya ƙara wa inji ko doki ɗaya. Abin da dillalinka ya ajiye maka ke nan: ƙaramin inji cikin babbar riga, da babban inji cikin 'yar shara.

EcoBoost silinda huɗu ce, lita 2.3, da turbo, ƙarfin doki 310. GT silinda takwas ce, lita 5.0, injin da ake kira Coyote, ba turbo, kuma a 2018 ƙarfinta doki 460 ne. Tazarar doki 150 ke nan, wato fiye da duk ƙarfin wata ƙaramar motar gida. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100, GT na cin daƙiƙa huɗu da ɗan wani abu, EcoBoost biyar da ɗan wani abu. Amma in a cikin gari kawai ka zaga da su, ba lallai ka ji tazarar ta kai haka ba, domin EcoBoost tana sakin ƙarfin janta da wuri, Nm 475 (Nm ma'aunin ƙarfin ja ne) tun inji na juyi 3,000 a minti. GT tana da Nm 569, sai dai ba ta kawo shi duka sai a juyi 4,600, kuma cikakken ƙarfin dokinta yana can sama a 7,000. EcoBoost tana zabura da wuri ta gaji da wuri. GT tana tashi a natse, sai allura ta wuce 4,000 sannan ka gane inda kuɗin ya tafi. Sai kuma ƙara. Rurin da mutane ke juyowa su kalli Mustang saboda shi na silinda takwas ne. A EcoBoost, wani ɓangare na ƙarar da direba ke ji daga lasifikar mota yake fitowa, kamfanin ne ya shirya hakan.

Yanzu ka tambayi kanka wanne za ka iya ƙarawa daga baya. Kujerar yadi, mai ɗinkin kujera zai sa mata fata cikin 'yan kwanaki. Ƙaramin allon nan na inci 4.2, ana cire shi a sa na inci 8 da maɓallansa, aikin rewaya ne da ɗan shirin kwamfuta. Inji fa? Mayar da EcoBoost ta zama GT yana nufin sabon inji, giyabos ɗin da ya dace da shi, wayoyi, kwamfutar inji, salansa, lagireto da birki. Kuɗin ya fi na sayar da motar ka sayi GT tun farko, kuma a ƙarshe takarda za ta ci gaba da cewa silinda huɗu ce. Birki ma ba ɗaya ba ne: GT ko ta ƙaramin aji tana da faifan gaba na milimita 352 da fistin huɗu, EcoBoost Premium kuwa faifanta 320 ne da fistin biyu, sai in an ɗora mata ƙarin kayan gudu daga kamfani.

Ba kyauta ake riƙe GT ba. A gwajin hukumar kula da muhalli ta Amurka, otomatik ta 2018 tana yin kusan kilomita 6.8 da lita ɗaya a cikin gari, 10.6 a babbar hanya. EcoBoost tana yin 8.9 a gari, 13.6 a hanya. In ka yi kilomita 1,000 a gari, GT za ta sha wajen lita 147, EcoBoost wajen 112. Ka buga lita 35 ɗin nan da farashin gidan manku, ka kuma sani cewa cunkoso da na'urar sanyi a kunne za su ƙara wa kowacce sha. Baƙin mai, GT ta 2018 tana ɗaukar lita 9.5 a juye ɗaya, EcoBoost lita biyar da rabi ko sama da haka kaɗan. Filogi takwas da kwayil takwas, can kuwa hurhuɗu. Ga motar marmari da za ta fita Asabar da Lahadi, wannan ba abin tsoro ba ne. Ga motar da za ta riƙa kai yara makaranta kullum, lissafi ne na daban.

Kowacce tana da ciwonta. EcoBoost na shekarun farko, har zuwa wajen 2019, an san su da ƙonewar gaskit ɗin kan inji, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda. Tsakanin silinda da silinda akwai ɗan tsagin da ruwa ke bi, sai wurin zaman gaskit ɗin ya zama siriri, zafi da matsin turbo kuma su yi ta cinsa. Ba kowacce ke yi ba, amma ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 ba ta taimaka wa irin wannan inji. Haka ɗan lagireton da ke sanyaya iskar turbo, wanda kanikawa ke ce wa intakula, ƙarami ne. Ka taka ta sau biyu ko uku a jere da rana tsaka, iskar ta yi zafi, kwamfuta ta rage ƙarfi don ta kare injin. GT ta 2018 kuwa, wasu suna da ƙarar ƙas-ƙas kamar ta keken rubutu in inji na tsaye, musamman bayan juyen mai, wasu kuma suna shan baƙin mai fiye da kima. Ƙarar ita kaɗai yawanci ba ta kashe inji, amma shan mai abin lura ne: a riƙa zaro sandar awo duk bayan shan fetur biyu ko uku. Giyabos mai giya 10 da ke cikin dukansu yakan yi fizga a ƙananan giyoyi, don haka ba ya raba gardama.

Akwai wanda za mu ce wa ya ɗauki EcoBoost ba tare da jin kunya ba. Wanda ita kaɗai ce motarsa. Wanda bai taɓa tuƙa mota mai jan baya ba, domin doki 460 a tayar baya a kan kwalta mai yashi ko ruwan farkon damina ba wasa ba ne. Hancinta ya fi sauƙi da kusan kilo 80, don haka ta fi saurin bin sitiyari a kwana. Mazaunin Jos ma yana da ɗan dalili: injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 na tudu, Jos kuma ta haura mita 1,200, turbo kuwa yana cike mafi yawan wannan giɓin. Kai dai ba ka cikin waɗannan. Kuma ranar da za ka sayar, mai neman Mustang abin da zai fara tambaya shi ne, silinda nawa ce?

Tambaya: Ni GT na yanke shawara. Amma akwai GT, akwai GT Premium, kuma kowane dillali cewa yake tasa ful ofshan ce. Mene ne ainihin bambancin, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin? Daga mai karatu a Nasarawa, Kano.

Amsa: Alhaji, ka bar maganar ful ofshan, ka nemi lamba. Ford tana jera kayan ciki da lambobi, suna nan a takardar farashi ta asali, wadda sau da yawa ake iya nemo ta da lambar shasi. A GT ta 2018 zuwa sama, 300A ita ce ta ƙasa, sai 301A, sai Premium mai 400A, sai 401A a ƙoli. A EcoBoost kuwa 100A, 101A, 200A da 201A ne. Inji, giya da birki iri ɗaya ne daga 300A har 401A. A Amurka, a 2018, tsakanin sabuwar GT da sabuwar GT Premium kusan dala 4,000 ne.

300A tana da kujerar yadi da ƙaramin allo. 301A, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba, tana da allon inci 8 mai manhajar Ford ta SYNC 3, da Apple CarPlay da Android Auto, na'urar sanyi mai raba direba da fasinja, lasifika tara, da maɓallan sauya yanayin tuƙi, amma kujerar tana nan a yadi. 400A ta ƙara fata da kujerun gaba masu ɗumi da sanyi. 401A ta ƙara allon inci 12 a madadin agogunan gaban direba, sitiyari mai ɗumi, taswira, da kujera mai tuna zaman direba.

Sai a tace su da rariyar ƙasarmu. Sitiyari mai ɗumi, ko a tsakiyar hunturu da wuya ka taɓa maɓallinsa. Taswirar cikin motar ta Arewacin Amurka ce, a Kano ba abin da za ta nuna maka, wayarka ce za ta yi aikin ta CarPlay ko Android Auto. Rediyon tauraron ɗan'adam na SiriusXM ba ya kamawa a nan. Har rediyon FM ɗin ma, ƙirar Amurka tana tsallake lambobi, tana tsayawa a mara kawai, 99.1, 99.3, 99.5, don haka tashar da lambarta ta ƙare da cika ba za ta zauna daidai ba, kuma wannan ya shafi kowane aji. Abin da ya rage mai amfani shi ne babban allo, maɓallan yanayin tuƙi da kujera mai sanyi. Biyun farko 301A ta ba ka su. Na ukun shi kaɗai ne hujjar Premium a garin zafi, kuma a nan ma da sharaɗi: baƙar fata da ta wuni a rana tana ƙuna fiye da yadi, sannan sanyin jinginar baya a Mustang ɗin nan, musamman na 2015 zuwa 2017, an daɗe ana kuka da rauninsa. Ka zauna, ka kunna shi a mataki na uku, ka ba shi minti goma. In mazauni ya yi sanyi amma baya ya yi ɗumi, ka san abin da kake saya.

Hattara da kujerun Recaro. Suna da kyau, suna riƙe jiki a kwana, amma duk motar da aka sa mata su ta rasa ɗumi da sanyin kujera, kuma da hannu ake matsar da su, ko da takarda ta ce 401A. Mai jiki kuma zai ji sun matse shi.

A ganinmu 301A ce ta fi dacewa da kuɗinta. In tazarar da ke tsakaninta da 400A a filin dillali ba ta wuce kuɗin sababbin tayoyi huɗu ba, kuma sanyin kujerar yana aiki, ka hau Premium. In ta wuce haka, ka riƙe kuɗinka, taya da juyen mai suna jiransa.

Tambaya: An ce mini waɗannan motocin ba sa shan irin fetur ɗinmu. Gaskiya ne? Wacce ta fi haƙuri da shi? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Suna sha, Malam, amma ba za su ba ka duk dokin da ke takarda ba. Ford ta auna 310 da 460 ɗin nan ne da fetur mai lamba 93 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da kusan 98 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan. Mafi ƙarancin da ta yarda da shi 87 ne, wato kusan RON 91. Fetur ɗin da gidajen manmu ke sayarwa nau'i ɗaya ne, kuma a wannan ƙaramin matakin yake. Ke nan kana zaune ne a bakin iyaka, ba rara.

Lambar tana nuna juriyar fetur kafin ya kama wuta da kansa saboda matsi da zafi. In ya kama kafin lokacinsa, sai ya doki fistin yana kan hawowa, shi ne ƙwanƙwasar da ake ji kamar tsakuwa a gwangwani. Injin yana da sensa mai sauraron wannan, kwamfuta kuma ta jinkirta wutar filogi, a EcoBoost har ta rage matsin turbo. Ƙarfi ya ragu, inji ya tsira. EcoBoost ce ta fi jin ragin, domin turbo, zafin rana da ƙaramin fetur duk gefe ɗaya suke turawa. Babban haɗarinta shi ne a danne totur har ƙasa alhali inji na juyi ƙasa da 2,500 a babbar giya. A nan ne wutar gaggawa ke fasa fistin. Mai manuwal ya sauko giya kafin ya taka. GT ta 2018 matsin silindarta 12 ne a kan 1, ba kaɗan ba ne, amma ba turbo a kanta, kuma tana da nozul biyu a kowace silinda, goma sha shida ke nan, ɗaya a cikin silinda ɗaya a bakin bawul. Na bakin bawul ɗin yana wanke shi da fetur. EcoBoost nozul ɗinta na cikin silinda ne kawai, shi ya sa baƙin dauɗa ke taruwa a bayan bawulolin shan iska, kuma ba maganin da za ka zuba a tanki ya kai wurin, sai an buɗe an kankare.

Abubuwa huɗu za su tsare maka kowacce. Ka tsayar da gidan mai ɗaya mai yawan ciniki, ka guji na jarka, domin matatar fetur ɗin tana cikin tanki haɗe da famfo, in ta toshe duka ake canjawa. Kada ka bari a sa mata shirin kwamfuta na ƙarin gudu, kusan duk an rubuta su ne don lamba 93, kuma ka tambaya ko tsohon mai ita ya sa, a mayar da na kamfani. Baƙin mai ya zama cikakken sintetik mai lambar da ke rubuce a murfin, 5W-30 a EcoBoost, 5W-20 a GT ta 2015 zuwa 2019, a juye duk kilomita 5,000 zuwa 6,000 saboda ƙura, da filta FL-910S ga EcoBoost, FL-500S ga GT. Mai kaurin 20W-50 da ake ɗura wa tsofaffin motoci yana hana na'urar sauya lokacin bawul aiki. Na huɗu, duk bakaniken da ya ce zai cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ko ya cika lagireto da ruwan rijiya, ka karɓi makullinka.

Tambaya: Na ga wata GT an rubuta tana da Performance Pack, an ɗora mata kuɗi sosai. Maigidana yana so, ni kuma ina duba hanyar unguwarmu. Wa ya fi gaskiya? Daga mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, maigida yana da gaskiya a kan kayan, ke kina da gaskiya a kan hanya, kuma hanyar ce za ku bi kullum. Wannan ƙari ba ya taɓa ƙarfin inji. Abin da yake kawowa a GT shi ne birkin Brembo mai fistin shida da faifai milimita 380 a gaba, wili inci 19, taya 255/40 a gaba da 275/40 a baya, sifirin masu tauri, ƙarfen ɗaure saman shokazoba, babban lagireto, da giyar baya ta Torsen, 3.73 a manuwal, 3.55 a otomatik. A 2015 zuwa 2017 manuwal kaɗai ake sa wa, daga 2018 aka haɗa da otomatik. An yi shi ne don filin tsere, inda ake taka birki da ƙarfi sau da yawa a jere.

Ki duba kaurin gefen taya, shi ne katifar da ke tsakanin wili da bakin rami. Taya 235/55 ta inci 17 da ke ƙaramar EcoBoost gefenta milimita 129 ne. Ta GT ta yau da kullum, 235/50 inci 18, kusan 118. Ta gaban Performance Pack 102. Santimita ɗaya da rabi ba ya cika ido, amma shi ne bambancin taya ta sha rami ta wuce, da ta yi ƙari ko wili ya lanƙwashe. Ba za a iya gyara wannan da sauko da wili ba, domin na inci 18 na kamfani ba ya shiga kan babban birkin. Tayar gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba, ba a musanya su don su ci daidai, kuma ta baya ce ke fara ƙarewa. Safaya babu, sai ɗan famfo da ruwan liƙi, waɗanda ba sa maganin taya da ta yage a gefe. Ƙaramar safayar Mustang ma ba ta zama a gaba saboda birkin. Gaskiya ko waɗanda ba su da wannan ƙari da yawa ba safaya suke zuwa ba, a ɗaga shimfiɗar but a gani kafin a kama hanyar Gusau.

Tsayin cikin motar daga ƙasa bai wuce santimita 14 ko kusa da haka ba, don haka tudun rage gudu a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya. In motar tana da shokazoba na MagneRide, mai sauya taurinsa da lantarki, wanda aka fara bayarwa a GT a 2018, zama ya fi laushi, amma kowane ɗaya in ya tsiyaye kuɗinsa ya ninka na gama-gari, kuma sai an yi odarsa.

Abu ɗaya a ciki da muke kwaɗayi saboda zafin Sakkwato shi ne babban lagireton, shi kuwa ana sayensa daban a ɗaura wa GT ta yau da kullum. In kuma don wasan mota a biki ake son ta, wannan ba ya buƙatar Brembo, tayar baya kawai yake ci, wani lokaci har da katangar mutane.

Tambaya: Yaya zan tabbatar abin da aka ce mini shi ne a jikin motar, kuma me zan duba kafin in biya? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, tambari ba shaida ba ne. Alamar 5.0 ta gefe da GT ta baya da gam ake manna su, bakin salansa huɗu ma ana sayarwa. Ka karanta lambar shasi mai harafi 17 a ƙasan gilashin gaba, ka gwada ta da ta jikin ƙofar direba da ta takardun kwastan. Harafi na takwas shi ne inji: F lita 5.0, H EcoBoost, M kuma silinda shida. Na goma shi ne shekara: F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Wannan zai kama maka ta 2016 da aka sauya wa fuska ta koma kamar 2018. A mai rufin ƙarfe lambar ba ta bambanta Premium da ƙaramin aji, sai ka duba da ido: maɓallan sanyi da ɗumin kujera, da jerin maɓallan azurfa a ƙasan allo, sai dai waɗannan na azurfa 301A ma tana da su. Fata ba tare da maɓallin sanyi ba, in ba Recaro ba ce, aikin mai ɗinki ne.

Da lambar nan ka nemi tarihin motar a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, ka kuma nemi hotunan gwanjonta. Yawancin masu araha daga kamfanonin gwanjo na Copart ko IAA suka fito, bayan kamfanin inshora ya sallama su. Bugun bamba da fitila ba komai ba ne. Wadda jakar iska ta fashe, ko ƙarfen shasi ya motsa, ko ruwan ambaliya ya shiga, ka bar ta ko da 401A ce, hasali ma yawan kayan lantarkin Premium shi ne yawan abin da ruwa zai lalata. Ka ɗaga kafet, ka duba tsatsa a ƙusoshin kujera. Awon tafiyar kuma da mil yake, ka ninka da 1.6.

Ka je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa inji ka ji sanyinsa. A EcoBoost, rawar inji na 'yan daƙiƙu da farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi a tashin farko alamar ruwa ne a silinda. A duba tulun ruwa, a sa famfon matsi a bar shi ya jima a ga ko allura za ta sauka, a cire filogi a leƙa da siririyar kyamarar da ake zurawa ta ramin filogi: fistin da ya fi 'yan'uwansa haske, ruwa ne ya wanke shi. A jona kwamfuta. P0300 zuwa P0304 da P0316 tsallen wuta ne, P0299 turbo ba ya cika matsi, P1450 yawanci ɗan bawul ɗin tururin tanki ne, mai sauƙin kuɗi. P0420 ko P0430 na nufin a leƙa ƙasa a ga ko an yanke indomin salansa, wato matatar hayaƙi, a hanya. In ba lamba ko ɗaya amma kwamfuta ta nuna gwaje-gwajenta ba su kammala ba, share su aka yi jiya. A yi tafiyar minti 30 a sake jonawa.

Na'urar sanyi ta 2015 zuwa 2017 tana yawan yoyo a ƙaramin lagireton da ke bayan dashbod, gyaransa sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Sanyin da aka ɗura wa gas da safe zai ruɗe ka, don haka a sa na'urar shinshina gas a bakin iska. Kafin ƙarin gas a karanta takardar ƙarƙashin bonet, wasu R-134a ne wasu R-1234yf, ba a gauraya su. Man giya ma haka: mai giya 6 Mercon LV take sha, mai giya 10 Mercon ULV.

Tambaya: GT Premium ta 2017 ko ƙaramar GT ta 2018? Kuma me ya sa mai silinda shida ta fi su araha? Daga mai karatu a Bauchi.

Amsa: Ta 2017 doki 435 ce, matsinta 11 a kan 1, nozul takwas na bakin bawul kawai, ba famfon matsi mai tsanani, baƙin mai lita 7.6, otomatik ɗinta mai giya 6 ne wanda ya daɗe a a-kori-kurar Ford F-150 kuma kanikawa suka fi sabawa da shi. Ga wanda ke nesa da babban gareji, wannan sauƙin ya fi doki 25 ɗin da 2018 ta ƙara, ga kujera mai sanyi da CarPlay a kai. Ka ɗauki ta 2017, bayan an gwada na'urar sanyinta yadda muka faɗa, an kuma duba sandar da ke buɗe ƙofofin iska a bayan manifol, domin takan karye a waɗannan shekarun.

Mai silinda shida, lita 3.7, doki 300, an daina yin ta bayan 2017, kuma a wannan ƙirar ba ta taɓa zuwa da Premium ba. Arhar ta rashin kaya ce da rashin suna, ba ta rashin lafiya ba. Ba turbo, ba nozul na cikin silinda, kuma a cikin ukun ita ce ta fi haƙuri da fetur ɗinmu. In ka ga wadda aka ce V6 Premium ce ta 2016, ka koma kan harafi na takwas.